Yadda ɗalibin kimiyya ko lissafi mai ƙaramin ƙarfi zai nemi tallafin karatu, daga tara takardu har alat ya shigo

Assalamu alaikum. Tun da aka fara rijistar sabon zango saƙonni ke ta shigo mani daga cikin Katsina, Daura, Mani, Dutsin-Ma har Funtuwa, kuma kusan tambaya guda ce: Yaya, ina karanta Fiziks ko Kemistiri ko Lissafi, gida babu ƙarfi, ya zan yi in samu sikolashif? Wasu ma iyaye ne ke tambaya a madadin ɗiyansu. Amsa ɗaya-ɗaya ta fi ƙarfina, tau ga shi nan a jere, wanda ya karanta dan Allah ya tura ma na ƙasa da shi. Abu guda ka riƙe kafin mu fara: mutumin da zai duba fom ɗinka bai san gidanku ba, bai san tun yaushe rabon da a biya Baba fansho ba, takarda kawai yake gani. Duk aikin da ke ƙasa na mayar da halin da kake ciki da ƙoƙarinka su zama takarda ne.

1. Daidaita sunanka tukuna

Kafin ka buɗe ko wane fotal, shimfiɗa takardun nan a gabanka ka karanta su harafi-harafi: katin NIN, bayanan BVN, takardar JAMB, sakamakon WAEC ko NECO, takardar haihuwa, da takardar admishan ta makarantarku. Suna, jerin sunan, da ranar haihuwa dole su zama iri ɗaya. Mu nan wannan ita ce babbar cutarmu, a firamare hedimasta ya rubuta Muhammad, a banki an rubuta Mohammed, mai kafe ya sa Moh'd a JAMB, wani kuma a takarda ɗaya sunan kakansa ne a ƙarshe a ɗayar kuma sunan garinsu. Kai ka san duk kai ne, kwamfuta ba ta sani ba, kuma ba za ta kira ka ta tambaya ba, watsar da fom ɗin kawai za ta yi kai kuma kana can kana jiran alat.

In ka manta lambobinka, danna *346# da layin da ka yi rijistar NIN, BVN kuma *565*0# da layin da ke haɗe da banki. Gyaran suna a NIN kuɗinsa kaɗan ne, amma gyaran ranar haihuwa ya haura dubu ashirin kuma yana cin lokaci, saboda haka ka duba wace takarda ce ta fita daban da sauran ka gyara ita, ba wai ka bi duka kana canzawa ba.

Hattara: kar ka rage shekarunka a takardar rantsuwa ta kotu don wani tallafi ya sa iyakar shekaru. Ranar da aka haɗa ta da NIN aka ga bambanci, ba wannan tallafin kaɗai za ka rasa ba.

2. Haɗa fayil guda, na hannu da na waya

Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma yawancin tallan nan sati biyu zuwa huɗu suke bayarwa. Sayi fayil na roba ka zuba waɗannan ciki: shaidar ƙaramar hukuma wato indijin, takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya ko ta rantsuwa, admishan na JAMB wanda aka fitar daga CAPS, wato shafin JAMB na bayar da admishan, admishan na makaranta, katin shaidar ɗalibi, risitin kuɗin makaranta na bana, fom ɗin rijistar kwasa-kwasai da aka sa ma hannu, sakamakon kowane samista mai hatimin difatmen, da hoton fasfo mai farin baya.

Waɗannan kowa na da su. Abin da ke raba mai neman tallafin masu ƙaramin ƙarfi da sauran shi ne shaidar rashin ƙarfin, kuma nan ne yaranmu ke sakaci. In maraya ne kai, nemi takardar shaidar rasuwar mahaifi, ta asibiti ko ta hukumar ƙidaya. In mahaifi ya yi ritaya, hoton takardar ritayar. In manomi ne ko ɗan ƙaramin kasuwa wanda babu wata takardar albashi, je wajen mai unguwa ya kai ka gaban dagaci ko hakimi a rubuta wasiƙa mai hatimi da ta faɗi sana'arsa da yawan iyalinsa. Wanda rashin tsaro ya taso su daga ƙauye suka dawo zama cikin gari, a rubuta wannan a fili da sunan ƙauyen, ba abin kunya ba ne.

Sai ka yi sikanin kowace takarda daban, a fili, ba hoto a kan tabarma da inuwar hannunka a kai ba. Sa ma kowace suna, ka tura ma kanka ta imel ko ka aje a Google Drive, don waya na ɓata. Tsakanin hoto, firintin, kafe da kuɗin mota zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma, ware kamar dubu biyar zuwa goma, ya danganta da nisan garinku.

Hattara: imel ɗin ya zama naka, da sunanka na gaskiya, kai ka san fasuwad ɗin. Kar ka bari mai kafe ya sa nashi imel ko lambarsa, gayyatar jarabawa ta nan take zuwa.

3. Lissafa makinka da kanka

Rashin ƙarfi shi kaɗai ba ya kawo tallafi, ko masu cewa don talakawa suke bayarwa sai sun tambayi CGPA, wato matsakaicin makinka na duk samistocin da ka yi. A ma'aunin maki 5 da jami'o'inmu ke amfani da shi, A maki 5 ce daga 70 zuwa sama, B 4, C 3, D 2, E 1, F sifiri, ana ninka makin da yunit ɗin kwas a tara a raba da jimillar yunit. Layin da ya kamata ka sa ma ido shi ne 3.50, daga nan digiri mai daraja ta biyu ta sama, wato Second Class Upper, yake farawa kuma nan mafi yawan ƙofofin suke buɗewa.

Ga abin da 'yan lebul 100 ba su ganewa sai aski ya zo gaban goshi. Ka ce ka gama shekarar farko da 2.9 saboda ruɗin sabon wuri da neman ɗaki da rashin sanin inda ake lakca. In yunit ɗin shekara ta biyu daidai yake da na farko, sai ka kawo 4.1 a lebul 200 kafin ka taɓa 3.5, kuma a lebul 200 ɗin ne kwasa-kwasan difatmen na gaske suke fara cizo. Alhali lissafi da fiziks da kemistirin lebul 100 kusan maimaicin SS3 ne da ɗan ƙari, su ne makin da ya fi arha a duk zamanka na jami'a. Ɗebe su tun suna araha. Kuma kar ka raina furaktikal da kwasa-kwasan GST, wato na bai-ɗaya da kowane ɗalibi ke yi, F a kwas mai yunit 2 da ka raina ita ma tana jan CGPA ƙasa.

Wanda ya riga ya faɗi ƙasa da 3.5 kar ya tsaya karantawa, akwai nashi a mataki na gaba.

4. San ƙofar da ta dace da kai

Kar ka bi kowane talla, lokaci da data kake ƙonawa. Ga su yadda nake jera ma yara.

Na farko na gida: hukumar tallafin karatu ta jihar Katsina, don 'yan asalin ƙananan hukumomi 34 da ke manyan makarantu. Kuɗin ba zai riƙe ka shekara ba, amma haƙƙinka ne kuma ba ya neman maki mai tsauri. Shugabannin NAKATSS, wato ƙungiyar ɗaliban jihar Katsina, na makarantarku su ne ke fara jin labarin buɗewa da ranar tantancewa, ka shiga zaurensu na WhatsApp. Gwamnatin Malam Dikko Radda kuma ta tura ɗalibai daga makarantun gwamnati karatun likita a Masar da karatun fasahar zamani a Chana, saboda haka mai ƙani ko ƙanwa a SS3 da ke da kai a kimiyya ya riƙa sauraron sanarwar ma'aikatar ilimi.

Na biyu hukumar tallafin karatu ta tarayya da ke ƙarƙashin ma'aikatar ilimi a Abuja. Sai ka shiga shekara ta biyu, kana karatun cikakken lokaci a makarantar gwamnati, kuma ga ɗan digiri 4.0 suke nema, 'yan NCE da HND 3.5. 'Yan FCE Katsina da kwalejin ilimi ta Isa Kaita da folin Hassan Usman da folin Daura, da ku ake, ba 'yan jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da jami'ar tarayya ta Dutsin-Ma kaɗai ba.

Na uku kamfanoni. Gidauniyar MTN tana da na kimiyya da fasaha don 'yan lebul 300 masu 3.5 zuwa sama a makarantun gwamnati, ana sabunta shi duk shekara har ka gama in makin bai sauka ba. Akwai PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur, ga masu kwasa-kwasan da suka shafi mai da gas, akwai na kamfanin gas na NLNG da na kamfanonin mai masu haɗin gwiwa da NNPC. Da yawan yaranmu sun ɗauka waɗannan na 'yan Neja Dalta ne kaɗai, alhali akwai kason ƙasa baki ɗaya, karanta tallan ka gani.

Na huɗu NELFUND, asusun lamunin karatu na gwamnatin tarayya, kuma a nan zan ɗan tsaya don ana ta ruɗa shi. Wannan bashi ne, ba kyauta ba. An buɗe fotal ɗinsa a watan Mayun 2024, suna biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, in ka nemi na kashewa su riƙa tura maka naira 20,000 a wata. Babu kuɗin ruwa, babu mai tsaya maka, ba a duba CGPA kamar sauran, biya kuma sai shekara biyu bayan ka gama bautar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin ɗari na albashi. Ni a ganina wanda zai ajiye karatu saboda kuɗin rijista bai da dalilin ƙin sa, amma ka zauna da mahaifinka ko wanda ke riƙe da kai ku yi shawara, bashi ne da sunanka. In fotal ya ce bai ga lambarka ba, makarantarku ce ba ta ɗora bayananka ba, ofishin harkokin ɗalibai za ka je ba kafe ba.

Na biyar, wanda ba shi da fotal kuma ya fi dacewa da mai 2.8: ƙungiyar cigaban garinku, tsofaffin ɗaliban sakandaren da ka gama, kwamitin zakka na masallaci, ofishin ɗan majalisarku, da attajiran da ke biya ma yara rijista shiru ba tare da talla ba. Nan wasiƙa da risiti da sakamako a hannu suke aiki, tare da wani babba da zai shige maka gaba.

Hattara, abu uku. TETFund, hukumar asusun tallafa ma manyan makarantu, ba ta ba ɗalibin digirin farko sikolashif, makarantu da malamansu take tallafa ma, duk wanda ya turo maka fom da sunanta ƙarya ne. Tallan da kuke gani a intanet na FAFSA, fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnatin Amurka, ko S-STEM na can Amurkar, wanda ake ba ɗaliban kimiyya da lissafi masu ƙaramin ƙarfi har da malamin da zai riƙa bibiyarsu, gaskiya ne akwai shi, amma na 'yan ƙasar ne da masu izinin zama na dindindin a can. Na uku, tallafin gaske ba ya cewa ka turo dubu uku a sa sunanka, ba ya neman lambar katin ATM ko lambar sirrin da banki ya turo maka.

5. Rubuta bayanin halin da kake ciki

Wasu fom ɗin suna da gurbin da za ka faɗi dalilin da ya sa kake buƙata, na hannu kuma wasiƙa ce gaba ɗaya. Abin da yara ke rubutawa kusan iri ɗaya ne: ni talaka ne, iyayena ba su da hali, ku taimake ni don Allah, Allah zai saka maku. Mutum ɗari sun rubuta wannan kafin kai, mai karantawa bai ƙaru da komai ba.

Kwatanta da irin wannan, misali ne kawai, kai ka sa naka na gaskiya: Mahaifina ya rasu ina SS2. Mahaifiyata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take yi, mu bakwai ne, ni ne na biyu. Rijistar bara kawuna ya biya rabi, rabin na tara da koyar da lissafi a wata makarantar yamma lokacin hutu. Bana rijista da ɗaki da litattafai sun kama kaza, abin da ke hannuna kaza, saura kaza. CGPA ɗina 3.8, ina so in ƙware a lissafin ƙididdiga.

Ka ga babu roƙo a ciki, amma akwai wanda ke ciyar da gida, akwai adadi, akwai abin da kai ka yi da hannunka, akwai inda ka dosa. Rubuta shi da Hausa tukuna yadda yake a zuciyarka, sannan ka mayar Turanci mai sauƙi, shafi ɗaya ya isa. In za ka yi amfani da ChatGPT, gyaran nahawu kawai, kar ka bari ya rubuta maka labarin, masu tantancewa sun haddace irin Turancinsa. Kuma kar ka kashe mahaifinka a takarda yana raye, Katsina ƙarama ce, cikin kwamitin sai ka tarar da wanda suke sallar Juma'a sahu ɗaya.

6. Nemi wanda zai riƙe hannunka

Wannan matakin shi ne wanda babu mai tambayata a kai, kuma shi na fi so ku ɗauka. Yaron da babansa lakcara ne ko ma'aikaci a Abuja ba lallai ya fi ka ƙwaƙwalwa ba, amma yana da mai ce mashi an buɗe kaza, kar ka ɗauki kwas kaza tare da kaza, wasiƙarka ba ta yi ba sake ta. Kai da kai ne na farko a gidanku da ya taka jami'a, sai ka nemo wannan mutumin da ƙafarka.

Mutum biyu kake buƙata. Na farko ɗalibi da ke gabanka da shekara ɗaya ko biyu a difatmen ɗinku, mai maki mai kyau, in son samu ne wanda ya taɓa cin wani tallafi. Shi zai ba ka tsofaffin tambayoyi, ya nuna maka yadda jarabawar kamfanin da ya ci take, ya gaya maka watan da aka buɗe bara. Wajen tutoriyal na difatmen ko na ƙungiyar ɗalibai Musulmi, wato MSSN, ake samunsu, galibi su ne ma ke koyarwa.

Na biyu malami. Fara da kodinetan lebul ɗinku tunda aikinsa ne, ko malamin da ka fi gane darasinsa. Yadda ake shiga ke da muhimmanci. Kar ranar farko ka je da maganar kuɗi, zai ɗauka roƙo ka zo. Je ofis lokacin da ba ya cikin sauri, ka yi sallama, ka ce Malam ni ne wane daga lebul 200, na gwada tambaya ta huɗu a aikin da ka bayar na maƙale a nan, ka nuna mashi takardar da ka yi ta gogewa. Malamin lissafi bai da abin da ya fi so kamar ɗalibin da ya gwada ya kasa ya zo da shaidar gwajin. Bayan zuwa biyu uku ya san fuskarka da sunanka, sannan ka ce Malam ina son neman tallafi kaza, ko za ka duba mani wasiƙata. Duk ƙarshen samista ka kai mashi sakamakonka ko ya yi kyau ko bai yi ba, musamman ma in bai yi ba.

In wasiƙar shaida kake so, ba shi aƙalla sati biyu, ka haɗa mashi da tallan, sakamakonka, da ɗan taƙaitaccen bayaninka. Zuwa da yamma a ce gobe ake rufewa rashin ladabi ne, kuma wasiƙar da za ka samu layi uku ce.

Hattara ƙannena mata: ku fara neman malama mace, akwai su a sassan kimiyya, in babu a naku ku leƙa na kusa. In malami namiji ne, a ofis, da rana, ki tafi da ƙawarki, kuma gida su san da maganar. Duk wanda ya ce taimakon sai an haɗu a waje, ki bar mashi taimakonsa.

7. Cika fom da zaman jarabawa

Cika a satin farko, ranakun ƙarshe fotal cushewa yake. In a kafe ne, zauna kusa da mai bugawa ka karanta kowane layi kafin ya tura, musamman lambar asusu da ƙaramar hukuma da sunan kwas. Asusun ya zama naka na banki, mai BVN ɗinka, ba na yayanka ba, kuma ka tabbata ba ƙaramin asusu ba ne mai iyakar abin da zai iya karɓa, in haka ne je banki a ɗaga shi tun yanzu. Fitar da takardar shaidar turawa ka sa a fayil.

Daga nan duba imel kullum har cikin akwatin tarkace. Jarabawar kamfanoni yawanci a kwamfuta ce, lissafin sauri da Turanci da tambayoyin tunani, ba ta da zurfi amma lokaci ne ke kashe mutane, sai ka ga mai A a kalkulas ya kasa gama kaso da riba saboda ya tsaya yana warware tambaya ɗaya. Yi gwaji da agogo a gabanka. In cibiyar Kano ce ko Kaduna, tanadi kuɗin mota tun ranar da ka tura fom, ka kwana can in da hali. In a gida za a yi ta intanet, ari laftof, cika caji, ka gwada netwok ɗin wurin kwana ɗaya kafin ranar.

8. Bayan alat ya shigo

Rijista farko, sai ɗaki, sai kalkuleta da litattafai, waya a ƙarshe in wani abu ya rage. Gida za su sa rai, kuma da gaskiyarsu, amma ka faɗa masu a fili nawa ne kuma na mene ne tun kafin a fara lissafa shi cikin kuɗin taki. Karanta takardar sharuɗɗa: wasu sun hana haɗa nasu da wani tallafin, wasu sai ka tura sakamako duk shekara kafin su sabunta, kuma kari-oba ɗaya na iya sa a tsayar. Ka koma ka gaya ma malamin da ya rubuta maka wasiƙa, za ka sake buƙatarsa.

'Yan lebul 400 a Lissafi, Fiziks, Kwamfuta da Ƙididdiga, ku fara duba AIMS tun kafin ku gama furojet. Cibiyar lissafi ce ta Afirka da aka kafa a 2003 a Afirka ta Kudu, tana da rassa a Gana, Senegal, Kamaru da Ruwanda, digiri na biyu ne kuma wanda aka ɗauka ana ɗaukar nauyin karatunsa da ci da kwana. Haka shirin gidauniyar Mastercard da ke aiki da jami'o'i irin su KNUST da Ashesi a Gana, shi dama don masu ƙoƙari marasa ƙarfi aka yi shi, kuma ta jami'ar ake nema ba ta gidauniyar ba. Dukansu za su nemi cikakken tiranskirif da wasiƙun malamai, in aka ɗauke ka kuma fasfon tafiya, shi ma fasfon da bayanan NIN ɗinka ake yin sa.